smartctl: masarrafar da ke tambayar rumbun kwamfuta da bakinsa

Mutum zai ɗauko rumbun kwamfuta da hannunsa, ya ga an rubuta SATA ɓaro-ɓaro a jikinsa, ya jona masa siririyar wayar nan mai haƙora bakwai, ya kunna kwamfuta, amma Windows ta ce masa wannan rumbu SCSI ne. Ya leƙa wani lungun na Windows ɗin dai, ta ce masa IDE ne. Ya koma Linux, ta raɗa masa suna sda, ta jera shi cikin dangin SCSI, ta kuma ce kamfanin da ya ƙera shi sunansa ATA, alhali ba a taɓa yin kamfanin ƙera rumbu mai wannan suna ba. SATA da SCSI da IDE da ATA duk sunayen hanyoyin jona rumbu da kwamfuta ne da yin magana da shi. Wannan ruɗanin shi ya haɗa ni da smartctl tun shekarun baya. Aikina gyaran kwamfutoci ne da kula da wasu tsofaffin uwayen garke, wato server, da masu su suka ƙi rabuwa da su, kuma har yau ita nake fara ɗauka idan ana gardama a kan irin rumbun da ke cikin wata kwamfuta. Ina ganin ta cancanci yabo, amma akwai wuraren da take ba ni haushi, kuma duk zan faɗe su.

smartctl ɗaya ce cikin masarrafai biyu da ke cikin ƙunshin smartmontools. Ɗayar ita ce smartd, wadda ke zama a bayan fage tana sa ido a kan lafiyar rumbu. Bruce Allen, masanin kimiyyar fiziks wanda ya shahara wajen binciken igiyoyin nauyi a sararin samaniya, shi ya fara aikin a 2002, ya ɗora shi a kan wata tsohuwar masarrafa mai suna smartsuite da ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus. Daga baya Christian Franke ya zama wanda ya fi kowa ɗaukar nauyinta. Kyauta ce, ƙarƙashin lasisin GPL, tana aiki a Linux da Windows da macOS da FreeBSD. Ba ta da taga, ba ta da maɓallin latsawa. Umarni kake rubutawa a baƙin allo, ta amsa maka da rubutu. An gina ta ne don duba lafiyar rumbu, wato karanta bayanan SMART, rahoton da rumbu ke ajiyewa a kan lafiyar kansa, amma ni abin da ya fi amfanata a cikinta shi ne yadda take gano ko wane irin rumbu ne, da kuma wace hanya aka bi aka isa gare shi.

Kafin a gane darajarta sai an gane dalilin da ya sa babbar manhaja, irin Windows ko Linux, take faɗin abin da ba shi ke nan ba. Ba ƙarya take yi ba. Babbar manhaja ba ta magana da rumbu kai tsaye, da direba take magana, shi kuma direban yana magana da kwantirola, kwantirola yana magana da rumbu. Kamar mai gida ne da ya yi baƙo, tafinta yana tsakaninsu. Idan ka tambayi mai gidan wane yare baƙonsa yake yi, yaren tafintan zai faɗa maka, domin shi kaɗai ya shiga kunnensa. A duniyar rumbuna kuwa, yaren da tafintoci suka fi yi shi ne SCSI. An tabbatar da ƙa'idarsa tun 1986, yana da tsarin umarni mai faɗi da tsafta, don haka masu rubuta manyan manhajoji suka ga gara a mai da shi harshen gama-gari, kowane irin rumbu a fassara maganarsa zuwa gare shi.

A Linux abin yana da tarihi mai daɗin bi. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna lokacin da rumbun IDE yake fitowa da suna hda, na biyu hdb, sunayen sda da sdb kuwa na SCSI ne da na USB. Da SATA ya zo wajen 2003, Jeff Garzik ya rubuta libata, wadda ke ɗaukar rumbun ATA, dangin da IDE da SATA suke ciki, ta miƙa shi ga sashen SCSI na kenel, wato zuciyar Linux. A kenel 2.6.19, ƙarshen 2006, aka shigar da direbobin tsofaffin rumbunan IDE ma cikin libata, shi ya sa mutane da yawa suka sabunta Linux ɗinsu a 2007 suka tarar hda ya koma sda. Tsohon sashen IDE ya ci gaba da zama a gefe har aka cire shi gaba ɗaya a kenel 5.14 a 2021. Kalmar ATA da ke fitowa a gurbin sunan kamfani kuma ba kuskure ba ne, ƙa'idar fassara tsakanin SCSI da ATA, wadda ake kira SAT, ita ta ce a rubuta haka, saboda rumbun ATA ba shi da wani gurbi na daban da yake faɗin sunan kamfaninsa. Sunan samfuri kawai yake da shi.

Windows kuwa nata ruɗanin ya fi yawa, domin amsoshi uku take bayarwa dangane da ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Idan ka bi ta tsohuwar hanyar WMI ka tambayi InterfaceType a Win32_DiskDrive, amsoshin da Microsoft ta jera a takardunta su ne SCSI da HDC da IDE da USB da 1394. Babu SATA a jerin, balle NVMe, sabuwar hanyar jona SSD, wato rumbu mara juyawa. Saboda haka rumbun SATA yakan fito a matsayin IDE, sabon NVMe ɗin da aka ƙera bara kuma ya fito a matsayin SCSI. Masarrafai da yawa na ƙidayar kayan ofis daga nan suke ɗaukar bayaninsu, shi ya sa za ka ga rahoto yana cewa kwamfutoci sababbi fil suna ɗauke da IDE, mai kamfani ya ɗaga hankalinsa yana zaton an yi masa sakiyar da ba ruwa. A Device Manager kuma, idan direban da ke riƙe da rumbun ya bi tsarin Storport, wani lokaci sai ka ga an liƙa wa sunansa SCSI Disk Device a ƙarshe. Amsar da ta fi kusa da gaskiya tana cikin PowerShell, umarnin Get-PhysicalDisk da gurbin BusType, wanda ya zo da Windows 8. Shi ya san SATA da NVMe da USB da SAS, wato SCSI na zamani. Amma ko shi, idan kwantirolan Intel yana yanayin RAID, tsarin haɗa rumbuna da yawa su zama kamar ɗaya, RAID zai ce maka, ko da rumbu ɗaya tal ne a cikin kwamfutar.

To a nan ne smartctl ta bambanta. Maimakon ta tambayi babbar manhaja, sai ta aika wa rumbun umarnin IDENTIFY DEVICE, wanda kowane rumbun ATA yake amsawa da bayit 512 na bayanin kansa: sunan samfuri, lambar siriyal, sigar manhajar da ke cikinsa, girmansa, ko mai juyawa ne ko SSD, sigar SATA da yake bi, iyakar gudun da zai iya, da gudun da aka daidaita a kai yanzu. Tunda hanyar da ke tsakani SCSI take ji, sai ta naɗe umarnin ATA ɗin cikin ambulan na SCSI, abin da ƙa'idar SAT ta tanada da umarni biyu, ɗaya mai bayit 12 ɗaya mai bayit 16. Mai fassara ya buɗe ambulan ya miƙa wa rumbu, amsa ta dawo ba tare da an taɓa ta ba.

Akwai wani ɗan gwaji da nake so duk mai koyo ya yi a Linux, domin yana nuna abin a fili. Ka rubuta smartctl --scan. Za ta jero maka rumbunanka, kuma a gaban sda mai yiwuwa ka ga ta rubuta -d scsi. Wannan hasashe ne daga suna kawai, ba ta buɗe komai ba. Sannan ka rubuta smartctl --scan-open. Yanzu za ta buɗe kowane rumbu ta gwada shi, sai ka ga scsi ya koma sat, ta kuma ƙara da cewa na'urar ATA ce. Rumbu ɗaya, waya ɗaya, amsa biyu, tsakaninsu daƙiƙa kaɗan. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake rikicewa a kan sda ba.

Umarnin da na fi rubutawa shi ne smartctl -i sai sunan rumbu. Layin da idona ke fara sauka a kai shi ne wanda ya fara da SATA Version is. Yana ba da abu uku: sigar SATA, iyakar gudun rumbun, da gudun da yake kai a yanzu. SATA na farko 1.5 Gb/s ne, na biyu da ya zo a 2004 3.0 ne, na uku na 2009 kuma 6.0. Da yake a kowane bit goma da suka bi waya takwas ne ke ɗauke da bayani, waɗannan suna daidai da megabayit 150 da 300 da 600 a daƙiƙa. An taɓa kawo mini kwamfutar tebur da aka sa wa sabon SSD, mai ita yana ƙorafin cewa gudunta bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, har yana zargin jabu aka sayar masa. Windows ba ta nuna wata matsala ba. smartctl ta ce rumbun yana iya 6.0 amma a 3.0 yake tafiya. Na buɗe murfi na duba, ashe babban allon na zamanin 2011 zuwa 2012 ne, lokacin da yawancin alluna masu cif ɗin Intel suke da kafar 6.0 guda biyu kacal, wasu ma ɗaya, sauran duk 3.0 ne. Launi kawai ya bambanta su. Na cire waya daga wannan kafa na mayar waccan, magana ta ƙare. Irin haka kan faru ga masu cire na'urar DVD daga kwamfutar cinya su sa rumbu a gurbinta, domin sau da yawa kafar wajen ba ta kai ta babban gurbi gudu ba.

Sai dai kada a ɗauki wannan layin da zafi idan rumbu mai juyawa ne. Rumbun da ke juyawa 7200 a minti da ƙyar yake cika hanyar 3.0, don haka ko an mayar da shi 6.0 ba za a ga wani bambancin kirki ba. Na sha ganin mutane suna ɓata yini a kan wannan. SSD ne ke jin matsin, domin shi yana kaiwa wajen megabayit 550 a daƙiƙa idan hanya ta buɗe.

Wani lokaci kafa mai kyau ce, rumbu mai kyau ne, amma gudu ya sauka. A nan sai in ƙara da smartctl -A in duba lamba ta 199, wato UDMA_CRC_Error_Count. Tana ƙirga sau nawa bayani ya lalace a kan hanya tsakanin rumbu da kwantirola. Idan lambar tana hawa, kusan kullum laifin waya ne ko bakin jonawa da ya saki, ba na rumbu ba. Linux idan ta ga kurakurai sun yi yawa da kanta take rage gudun hanyar, kuma za ka ga ta rubuta hakan a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel. Abin lura shi ne lambar ba ta komawa sifiri bayan an canza waya, tana nan a inda ta tsaya har abada. Abin dubawa shi ne ko ta daina ƙaruwa.

Inda smartctl ta fi nuna gwanintarta, kuma inda ta fi wahalar da mutum, shi ne rumbun da ke cikin kwanson USB. A cikin kowane kwanso akwai ɗan ƙaramin cif da ake kira gada, gefe ɗaya yana jin USB, ɗaya gefen yana jin SATA ko NVMe. Kwamfuta gadar take gani, ba rumbun ba. Shi ya sa wani lokaci sunan da zai fito na kamfanin cif ɗin ne, lambar siriyal kuma ta zama jerin lambobi marasa ma'ana da za ka tarar iri ɗaya a kwansuna goma. Idan kwanson yana amfani da sabuwar hanyar UAS, wadda ita ma umarnin SCSI take ɗauka a kan USB, Windows za ta kira shi SCSI ba tare da ko ambaton USB ba a wasu wuraren. smartctl tana ɗauke da kundin da ake kira drivedb.h, mai jerin rumbuna da gadoji da yadda ake magana da kowanne. Idan ta san gadarka, ba ka da aiki. Idan ba ta san ta ba, za ta ce maka Unknown USB bridge, ta nuna lambar gadar, ta ce ka faɗa mata nau'in na'urar da -d.

Ga yadda nake yi. Da farko in sabunta kundin da update-smart-drivedb, domin wanda ke zuwa da wasu nau'o'in Linux tsoho ne. Idan bai yi ba, in gwada -d sat, wanda ke aiki a yawancin kwansunan zamani. Idan ya ƙi, -d sat,12, saboda wasu gadojin gajeren ambulan kawai suke karɓa. Tsofaffin gadoji da aka ƙera kafin SAT ta bazu kowanne da nasa salon, shi ya sa akwai usbjmicron da usbcypress da usbsunplus da usbprolific. Kwansunan NVMe kuma nasu daban ne: sntjmicron da sntasmedia da sntrealtek. Da zarar an dace, labule ya yaye, ka ga ainihin rumbun da ke ciki, sunansa da siriyal ɗinsa da awannin da ya yi yana aiki. Ta haka na taɓa gano cewa wani rumbun waje da aka ba wani a matsayin sabo yana ɗauke da tsohon rumbun kwamfutar cinya da ya daɗe yana shan aiki. Lamba ta 9, mai ƙirga awanni, ita ta tona asiri.

Ƙorafina na farko a nan yake. Masarrafar ta san cewa -d sat ne ke buɗe yawancin gadoji, amma idan ba ta ga lambar gadar a kundinta ba sai ta tsaya ta bar ka da dogon littafin bayani mai shafuka da yawa. Na fahimci dalilinsu. Aika umarnin da gada ba ta sani ba yana iya sa ta daskare ko ta yanke rumbun daga kwamfuta, kuma littafin ya yi wannan gargaɗin a fili game da wasu zaɓuɓɓukan usbjmicron. Hattara ce mai kyau, ni ma ba na gwajin -d a kan rumbun da ake kwafar bayani a kansa. Amma sabon shiga ba zai san ta ina zai fara ba, kuma saƙon bai ba shi ko alama ba. Akwai kuma wasu kwansunan da kenel na Linux da gangan yake hana ambulan ɗin ATA wucewa idan suna kan UAS, saboda an san suna rikicewa. A irin wannan babu -d ɗin da zai yi aiki sai an tilasta wa kwanson komawa tsohon direba ta hanyar usb-storage.quirks. smartctl ba za ta gaya maka haka ba. lsusb -t ne zai nuna maka ko uas ne ke riƙe da shi.

A uwayen garke masu katin RAID labarin ya ɗan canza. Babbar manhaja rumbu ɗaya take gani, wanda katin ya ƙirƙira daga rumbuna huɗu ko takwas, sunansa kuma sunan katin ne. smartctl tana iya leƙawa bayan katin da -d megaraid da lambar gurbi, ko -d cciss ga katunan HP, ko areca, ko 3ware. Ta nan ne ake gane ko rumbun da ke gurbi na uku SAS ne ko SATA, abin da ke da muhimmanci ga mai neman madadinsa, domin kwantirolan SAS yana karɓar rumbun SATA, amma na SATA ba ya karɓar SAS. Ga rumbun SAS na gaskiya za ka ga layin Transport protocol ya ce SAS, kuma gurbin kamfani yana ɗauke da sunan kamfani na ainihi, ba ATA ba. Wannan kaɗai ya isa a bambanta SCSI na gaske da SCSI na fassara. A cikin kwamfutar riya kuwa, wato wadda manhaja irin VMware ko KVM ke kwaikwayo a cikin wata kwamfuta, kada ka wahalar da kanka. Rumbun da kake gani ƙirƙirarre ne, babu wanda zai amsa tambayar a bayansa.

Yanzu abin da ba ta yi, wanda ya kamata mai ɗaukarta da ido rufe ya sani. smartctl rumbu take tambaya, don haka abin da rumbu bai sani ba ita ma ba ta sani ba. Ba za ta gaya maka ko kwantirolan SATA yana yanayin IDE ko AHCI ko RAID ba. Wannan saiti ne na BIOS, kuma shi ne sanadin rabin ruɗanin da ake kawo mini. Kwantirolan da aka bari a yanayin IDE yana kwaikwayon tsohon tsari ne don tsofaffin manhajoji irin Windows XP da ba su zo da direban AHCI, yanayin SATA na ainihi, ba, kuma a wannan yanayin ana rasa NCQ, dabarar da rumbu ke jera umarnai don ƙarin sauri, da damar cire rumbu kwamfuta na kunne. Don ganin wannan, lspci nake dubawa a Linux: ko ya ce IDE interface, ko SATA controller, ko RAID bus controller. A Windows kuma sashen kwantirololi na Device Manager. Kuma don Allah kada wanda ya karanta wannan ya ruga BIOS ya juya daga IDE zuwa AHCI kai tsaye a kan Windows da aka riga aka girka. Shuɗin allo zai tarye shi da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, lamba 0x7B, saboda direban da ake buƙata ba a kunna shi a lokacin tashi ba. A Windows 8 zuwa sama, a fara saita ta ta tashi a Safe Mode, a canza BIOS, a bar ta ta tashi ta ɗauki direban, sannan a mayar da ita yadda take.

Giɓi na biyu ya shafi NVMe. Tun siga ta 6.5 a 2016 take karanta waɗannan rumbunan, kuma tana ba da suna da zafi da yawan abin da aka rubuta da kason rayuwar da aka cinye. Amma NVMe a kan hanyar PCIe yake tafiya, ita kuwa ba ta nuna layukan PCIe nawa rumbun ya samu ko a wane ƙarni suke tafiya, alhali wannan shi ne kwatankwacin layin gudun SATA da na yaba a sama. Rumbun da ya kamata ya samu layi huɗu yana iya zama a kan biyu saboda gurbin da aka sa shi, smartctl ba za ta ce uffan ba. Sai ka koma lspci -vv ka gwama LnkCap, iyakar abin da rumbun zai iya, da LnkSta, abin da yake kai a yanzu. A nan CrystalDiskInfo, masarrafar Windows da wani ɗan Japan mai laƙabin hiyohiyo ya rubuta, ta sha gabanta, domin tana nuna gudun yanzu da iyakar gudu gefe da gefe, ko SATA ne ko PCIe, a taga ɗaya da kowa zai iya karantawa. Duk da haka smartctl tana warware tambayar da aka fi yi game da M.2, wato shin wannan ɗan siririn rumbu SATA ne ko NVMe. M.2 siffa ce kawai, duka biyun suna zuwa a cikinta. Idan amsar ta ƙunshi layin SATA Version, to SATA ne komai kyan gurbin da aka soka shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A Windows sunayen Linux take amfani da su, rumbun farko /dev/sda, abin da ke ɗaure wa mutane kai a karon farko. Dole a buɗe ta da ikon mai gudanarwa, in ba haka ba ta ƙi aiki. A macOS ba ta ganin bayan kwanson USB sai an girka wani direba na daban. Tambayar rumbun da ke barci tana iya tashinsa, sai an ƙara -n standby. Kalmar PASSED da take fitarwa idan an tambaye ta lafiya kuma kada ta ruɗi kowa: hukuncin rumbun ne a kan kansa, kuma binciken da Google ya wallafa a 2007 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na rumbunan da suka mutu ba su nuna wata alamar SMART ba kafin mutuwarsu. Abin da ya faranta mini rai a shekarun nan shi ne -j da ya zo da siga ta 7.0, mai fitar da amsa a tsarin JSON. Mai kula da kwamfutoci da yawa yana iya tattara ainihin nau'in kowane rumbu ba tare da ya dogara da InterfaceType ba.

Wanda ke da kwamfuta ɗaya mai Windows, yana so kawai ya san abin da ke cikinta, ba sai ya sha wannan wahalar ba. Get-PhysicalDisk da CrystalDiskInfo sun ishe shi. Wanda ke son ƙarfin smartctl amma baƙin allo na ba shi tsoro, akwai GSmartControl, taga ce da aka ɗora a kanta, kuma tana barin a ƙara -d idan gada ta yi gardama. Amma mai gyara, ko mai kula da uwar garke, ko mai sayen rumbunan hannu, ban ga abin da zai maye masa gurbinta ba, da sharaɗin ya haɗa ta da abokan aikinta. Ni a Linux jerin nawa ba ya canzawa: lsblk -o NAME,TRAN,MODEL don ganin ta wace hanya kenel ya ce rumbun ya shigo, lspci don yanayin kwantirola, dmesg don layin SATA link up da gudun da aka daidaita, sannan smartctl -i don jin ta bakin rumbun. Idan huɗun suka yi daidai, babu matsala. Idan biyu suka saɓa, matsalar tana tsakanin waɗannan biyun, kuma nan nake kai sukudireba.